Likita ya ce mu nemi OT, shin ba gashin da muke zuwa ba ne?

Assalamu alaikum masu karatu, barkanmu da sake haɗuwa a filinmu na tambaya da amsa. Wannan karon saƙonnin sun taru ne a kan fisiyo, wanda mutanenmu suka fi sani da gashi, da kuma ɗan'uwansa okufeshonal terafi da ake taƙaitawa OT, wato fannin koya wa majinyaci yin ayyukansa na yau da kullum da kansa. Ni dai ɗan ɓangaren fisiyo ne, a nan Jos nake aiki, don haka in kun ga na ɗan karkata wajen namu sai ku yi min uzuri.

TAMBAYA: Salam likita dan Allah ina da tambaya. Mahaifinmu ne hawan jini ya kayar da shi wata 5 kenan, ya samu shanyewar ɓarin jiki na hagu. Alhamdulillah muna kai shi gashi sau biyu a sati kuma yanzu yana takawa da sanda har ƙofar gida, amma wlh har yau sai an sa mishi riga, ƙanina ke riƙe mishi buta, abinci ma sai ya ci rabin kwano ya ce ya ƙare alhali ga shi nan a gefe. Likitan da ke duba shi ya ce mu nemi OT, yayanmu kuma ya ce ai duk gashi ne hanyar cin kuɗi ce kawai. Meye gaskiyar magana? Daga wata 'yar'uwa a Anguwar Rogo.

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya ba Baba lafiya ya sa kaffara ne, ku kuma ya ba ku ladan jinya. Ki ce wa yayanku ya kwantar da hankalinsa, ba Ɗanjuma ne da Ɗanjummai ba. Abubuwan da kika lissafo ɗin nan, riga, buta, rabin kwano, su ne ainihin abin da mai OT yake zama a kai.

Mu a fisiyo jikin kansa muke bi. Tsokar nan tana da ƙarfi ko ta saki, gaɓar nan tana miƙewa ko ta sandare, mutum zai iya juyawa a kan gado, ya zauna bai kife ba, ya miƙe, ya ɗora nauyinsa a kan ƙafar da ta shanye, ya taka, ya hau matakala. Ga masu ciwon baya da wuya da gwiwa, ga wanda aka cire wa filasta bayan karaya, har wanda majina ta cushe wa ƙirji da macen da fitsari ke kufce wa bayan haihuwa duk wajenmu ake turo su. Jar fitilar nan da na'urar da ke tsikarin fata da mutane suke mutuwar so, a ganina su ne ƙaramin ɓangaren aikin, atisayen da mutum yake yi da jikinsa shi ne babba, amma wallahi wani in ba ka kunna masa inji ba sai ya ga kamar ya yi asarar kuɗin kati.

Shi kuma mai OT daga yinin mutum yake farawa. Zai zaunar da Baba ya ce, daga asuba zuwa isha me da me ka saba yi da kanka, wanne ne yanzu sai an yi maka, wanne ne ya fi ci maka rai? Ni tambayata ita ce kafaɗar nan iya ina take ɗagawa, shi tasa tambayar ita ce wa ke riƙe masa buta kuma yaya za a yi ya daina jiran kowa. Wani lokaci hannun zai horar ta cikin aikin kansa, wani lokaci hanyar yin aikin zai sauya, wani lokaci kuma kayan aikin ko tsarin gidan ne zai taɓa, ba zai tsaya jiran sai hannu ya dawo daidai ba tukuna, don akwai hannun da ba zai dawo kamar da ba kuma rayuwa ba za ta tsaya jiransa ba.

Ɗauki riga. Baba ya zauna a bakin gado ƙafafunsa biyu a ƙasa, ya shimfiɗa rigar a cinyarsa bayanta na kallon sama, ya kama hannun da ya shanye da mai lafiyar ya zura shi cikin hannun rigar FARKO, ya ja rigar har ta wuce gwiwar hannu, sannan ya zura mai lafiyar, sannan kai. In zai tuɓe kuma mai lafiyar ke fara fita. Yawancin gidaje akasin haka ake yi, a fara da mai lafiya, rigar ta ɗaure, sai a kama shanyayyen hannun ana ta murɗawa Baba yana ihu. Wando a cire tazuge tela ya sa roba. Silifas kuma a ajiye shi tukuna, zamewa yake daga ƙafar da ba ta da ƙarfi, a samo takalmi mai maɗauri ta baya.

Alwala fa? Buta tana son hannu biyu, ɗaya na zubawa ɗaya na tara. To a samo bokitin nan mai famfo irin wanda aka yi ta sawa a ƙofar shaguna lokacin korona, a ɗora shi a kan benci, Baba ya zauna a kujera ya murɗa famfon ya yi abinsa da hannu ɗaya. Bayi shi ne inda dattawa suka fi jin nauyi kuma ba za su taɓa faɗa muku ba, mutumin da ya haife ki a ce sai an tsugunar da shi an yi masa tsarki, wannan kaɗai ya isa ya sa ya rage cin abinci da shan ruwa don kada ya buƙaci zagawa. Kujera mai huda a tsakiya da za a ɗora a kan masai, mai walda ma zai iya haɗa ta, da ƙarfen dafawa a jikin bango, da tiyon ruwa kusa da hannunsa. Mai OT in ya samu dama har gida yake zuwa ya ga dokin ƙofa, ya ga dardumar da bakinta ya naɗe, ya ga gangaren da ke tsakanin ɗaki da bayi, mu da gidajenmu na Jos rabi a kan dutse suke kin san wannan ba ƙaramar magana ba ce.

Yanzu maganar rabin kwano, ita ce ta fi ɗaukar hankalina a saƙonki. Shanyewar hagu daga ɓangaren dama na ƙwaƙwalwa take zuwa, kuma masu irin wannan sau da yawa ƙwaƙwalwar tana daina kula da duk abin da ke hagu, ido lafiya lau amma kamar babu wannan gefen a duniya. Ki lura, yana buge ƙofa da kafaɗar hagu? Yana barin hannun na lilo ko ya zauna a kansa bai sani ba? In aka yi masa magana ta hagu yana waigowa? Wasu kuma wani sashe na ganin ne ya tafi, shi ya sa sai an gwada kafin a ce ga wanne ne. Ba rigimar tsufa ba ce, ba kuma iska ba ce. Ana koya masa ya riƙa juya kai da gangan yana neman bakin kwanon na hagu, ku kuma ku riƙa zama ta hagunsa in za ku yi hira. Irin wannan da mantuwa, da rikicewar jerin aiki kamar mutum ya riƙe buroshi ya rasa me ake fara yi, duk mai OT ya fi mu zurfi a ciki. Kuma mutumin da bai san da hagunsa ba, ko yana takawa, kada a bar shi ya tsallaka titin Bauchi Road shi kaɗai.

Sai abin da zan faɗa muku ku 'yan gida, ku yi haƙuri da ni. Tausayi yana yi wa masu wannan ciwo illa sosai. Baba ya miƙa hannu zai ɗauki hula, kafin ya kai mutum uku sun zabura, a sa masa, a ba shi a baki, a ce Baba huta, mu a tarbiyyarmu abin kunya ne uba yana fama kana kallo. Amma ƙwaƙwalwa da maimaici take sake koyo, duk aikin da kuka karɓe masa kun hana shi darasin ranar. Ku tsaya kusa saboda faɗuwa, ku bar shi ya yi minti goma yana kokawa da riga, in ya maƙale ku taimaka a daidai inda ya maƙale kawai. An fi samun saurin dawowa a watanni 3 zuwa 6 na farko, kuna kan gaɓa, amma ba a rufe ƙofa bayan nan, ana ci gaba da samun sauƙi in ana aiki.

Kada a ɗaga shi ta hanyar jan shanyayyen hannu, kafaɗar tana iya saki ta bar shi da ciwon da ya fi na farko. Sannan ga sanyinmu, jiki ya fi ɗaurewa lokacin hunturu sai a kawo kaskon garwashi ko ruwan zafi a yi ta gasa ƙafa, alhali ƙafar ba ta ji sosai, sai an ga ta tashi. A gwada zafin da hannun mai lafiya tukuna, garwashi kuma ba a kwana da shi a rufaffen ɗaki. Maganin hawan jini kada a daina don an ga ya miƙe.

Inda yayanku zai iya samun abin faɗa shi ne wajen nema, masu OT sun yi ƙaranci ƙwarai a ƙasar nan balle Arewa. Ku fara tambaya a sashen fisiyo da kuke zuwa ko wajen likitan da ya ba ku shawarar, su suka san wanda ke kusa. In ba a samu ba ki rubuta ayyuka uku da suka fi damun Baba ki kai wa mai yi masa fisiyo ki ce a sa su cikin atisaye. Gashin kuma kada a bari, tare ake haɗa su.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ni kafinta ne a Katako, inji ya yanke ni a yatsu biyu na dama an yi min aiki an ɗinke jijiya sati 3 kenan. Hannun na cikin wani abu kaman filasta, ni kuma aiki ya taru min masu kaya sai kira suke. Wa zan gani cikin biyun kuma yaushe zan koma riƙe guduma?

AMSA: Sannu maigida, Allah ya kiyaye gaba. Hannu shi ne inda mu da su muka fi cakuɗewa, a wani asibitin fisiyo ne ke yi a wani kuma mai OT, don haka kada ka damu da suna, ka tambayi likitan da ya yi maka aikin wa ya saba tura wa masu irin ɗinkinka. Masu OT dai sun yi fice wajen ƙera abin tallafe hannu, wata roba ce da ake tausasawa a ruwan zafi a lanƙwasa ta daidai hannunka, kuma idan an zo ƙarshe su ne za su sa ka riƙe abin da ya yi kama da kayan aikinka, su ƙara wa ƙotar guduma kauri in yatsun ba sa rufewa duka.

Maganar guduma kuwa ka cire ta a ranka yanzu. Jijiyar da ke lanƙwasa yatsa in an ɗinke ta tana ɗaukar wajen sati 12 kafin ta jure aiki mai nauyi, abin tallafen kuma kusan sati 6 ake yi da shi. Matsalar biyu ce, in ka yi gaggawa ɗinkin ya tsinke a koma tiyata, in kuma ka bar hannun shiru ba motsi ko kaɗan jijiyar ta manne da naman da ke kewaye da ita yatsa ya ƙage. Shi ya sa ake ba da motsi ƙidayayye, iya wanda aka nuna maka, ba ƙari. Kada ka kai wa mai ɗori ya ja, ba karaya ba ce. Ka ba yaranka aikin ka zauna kana nuna musu da baki, masu kaya su yi haƙuri.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Yarona shekararsa 4, shawara ta kama shi sosai yana jariri, har yanzu baya zama da kansa sai an tokare shi, jikinsa na sandarewa, in ina ba shi abinci yana yawan shaƙewa. Mun yi shekara biyu muna zuwa gashi na fara gajiya gaskiya, ƙananan maganganu sun ishe ni a unguwa. OT ɗin zai sa ya warke? Daga wata uwa a Bukuru.

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya, sannu da ƙoƙari, shekara biyu ana goya yaro ana hawa keke napep zuwa asibiti ba wasa ba ne, masu magana kuma ba su taɓa ɗaukar wannan nauyin ba. Ba zan yi miki ƙarya ba. In abin da likitoci suka ce miki shi ne shawarar ta taɓa ƙwaƙwalwa, to wannan tabon ba fisiyo ba OT babu mai goge shi. Amma tabon ba ya ƙaruwa, kuma abin da yaro zai iya yi da jikinsa yana ƙaruwa sosai in an dage. Fisiyo na aiki a kan riƙe wuya, zama, tsayuwa, da hana gaɓoɓi ƙagewa, wannan na ƙarshen ko ba ki ga ci gaba a ido ba yana hana abin ya lalace, don haka kada ki yanke.

Mai OT zai duba yadda yake zama a gida, sau da yawa kujerar kusurwa ake haɗa wa irinsu, katako biyu a bayansa kamar lungun ɗaki da ɗan tebur a gaba, kafinta zai yi ta. Yaron da ya yini a kwance rufin ɗaki kawai yake gani, ranar da ya zauna hannayensa suka samu 'yanci sai ki ga ya fara kai hannu ga abin wasa, ya fara bin 'yan'uwansa da ido. Daga nan ake zuwa riƙe cokali mai kaurin mariƙi, kofi mai hannu biyu, koyon fo, har maganar makaranta, don da yawa cikin yaran nan suna fahimta fiye da yadda jikinsu ke bari su nuna.

Shaƙewar nan kuma kada a yi wasa da ita. Kada ki ba shi abinci a kwance ko kansa a ɗage baya, ɗura kuwa haram ɗin likita ce a wajensa, abinci na iya bi ta hanyar iska ya sauka a huhu ya jawo nimoniya. A zaune, haɓa ta ɗan sunkuyo, loma ƙanana, ki jira ya haɗiye. Ki gaya wa likitan yara wannan maganar a zuwanku na gaba, akwai masu koyar da magana da haɗiya, fanni ne na uku daban, ya haɗa ku in akwai.

TAMBAYA: Yallaɓai ni ɗalibi ne zan rubuta JAMB, wanne ya fi tsakanin fisiyo da OT kuma a ina ake karantawa?

AMSA: Ƙanina babu wanda ya fi, sai dai wanda ya dace da halinka. In kana son ilimin tsoka da ƙashi da motsi da harkar 'yan wasa, fisiyo. In kai mai haƙurin zama da mutum ne kana warware masa ƙananan matsaloli ɗaya bayan ɗaya, kana da dabarar ƙere-ƙere, kuma ba ka gudun masu lalurar ƙwaƙwalwa, to OT, don wani babban ɓangaren aikinsu a asibitocin ƙwaƙwalwa yake, wajen mayar da mai jinya ko wanda ya bar shaye-shaye kan tsarin yini da sana'a. Asalin fannin ma daga can ya taso, aka kafa ƙungiyarsu ta farko a Amurka a 1917, yaƙin duniya na ɗaya kuma ya bunƙasa fannonin biyu saboda sojojin da suka dawo da raunuka.

A Najeriya fisiyo ya riga shiga, a 1945 Turawan Ingila biyu suka fara shi a asibitin ƙashi na Igbobi a Legas, Jami'ar Ibadan ta fara digirinsa a 1966, kuma a Arewa ana yinsa a Jami'ar Bayero ta Kano da Jami'ar Maiduguri. Shekara 5 ne, wasu jami'o'in sun koma tsarin shekara 6, sannan shekara ɗaya ta horon asibiti kafin bautar ƙasa. OT kuwa akwai digiri a Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife, akwai kuma makarantar tarayya ta OT a Oshodi, Legas. Darussan JAMB ɗin su ne Ingilishi, Fiziks, Kemistiri da Bayoloji, ka duba kundin JAMB na bana don jami'o'i na ƙaruwa. Ra'ayina, ɗan Arewa mai jin Hausa da ya karanci OT ba zai rasa masu nemansa ba, aikin nan hira ce da shiga gidan mutane, wanda bai san buta da tabarma da zaure ba zai sha wuya.

TAMBAYA: Akwai wani a layinmu a Rikkos yana zuwa gida-gida da man zafi da wata na'ura yana cewa shi fisiyo ne, kuɗinsa da sauƙi. Mu kira shi wa kakarmu?

AMSA: Ku ce ya nuna muku lasisinsa na bana. Hukumar MRTB, wadda aka kafa da doka mai lamba 38 ta 1988, ita ke yi wa masu fisiyo da OT da masu koyar da magana rajista a ƙasar nan, kuma mai lasisi ba ya jin haushin a tambaye shi. Na gaske zai fara da tambayar tarihin ciwon, ya duba takardun asibiti, ya auna hawan jini, ya gwada jikin kafin ya taɓa komai, kuma zai bar muku atisayen da za ku riƙa yi mata in ba ya nan. Tsohuwa ƙashinta ba ƙwari, matsa mai ƙarfi na iya karya ta, in kuma ƙafa ɗaya ta kumbura tana zafi kada kowa ya murza ta, gudan jini ne ake tsoro, asibiti za ku kai ta a ranar.